The Smiths, The Stone Roses ko Arctic Monkeys: Da Wa Za Ka Fara?

Ɗan yayata ne ya jawo wannan rubutu. Ya sayi jita ta hannu, irin wadda wani ya gaji da ita ya sayar, ya yi wata biyu yana fama da ita har kan yatsunsa suka yi kanta, sai ga saƙonsa cikin dare: "Kawu, Turawan nan na Ingila da kake kunnawa a mota, da wa zan fara? Don Allah kada ka jero mini goma, datata ba za ta kai ba." Na san abin da yake gudu. Ka tambayi mai son wannan kiɗa suna ɗaya, sai ya miƙo maka jeri kamar rajistar masu zaɓe. Shi ya sa na tsaya kan uku: The Smiths, The Stone Roses da Arctic Monkeys. Oasis da Blur za su kutso kai ko ban gayyace su ba, don ba a zancen jitar Birtaniya a tsallake su.

Kafin a je ko'ina, ita kalmar "indi" tun asali sunan hanyar kasuwanci ce, ba sunan sauti ba. Ƙananan kamfanonin buga faifai ake nufi, masu cin gashin kansu, waɗanda ba sa ƙarƙashin manya irin su EMI. A farkon 1977 samarin Buzzcocks na Manchester suka ranto kuɗi wajen dangi da abokai suka buga faifansu da kansu, abin da ya buɗe wa mutane da yawa ido. Rough Trade ya fara a matsayin shagon sayar da faifai a yammacin Landan a 1976, ya koma kamfani a 1978, shekarar da Tony Wilson da abokansa suka kafa Factory a Manchester. Zuwa 1980 har jadawalin cinikinsu daban aka ware musu. Daga baya sunan ya zame daga kan kamfani ya koma kan duk wasu samari huɗu masu jita da ganga, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama omo a bakinmu. Ka riƙe wannan, don zai dawo in mun zo kan Oasis.

The Smiths sun samo asali ne ranar da wani yaro ɗan shekara 18, Johnny Marr, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan su Morrissey a Stretford cikin 1982, ya ce su haɗu su rubuta waƙa. Dukansu 'ya'yan mutanen Ayaland ne da suka zo Manchester ci-rani suka zauna. Andy Rourke ya riƙe jitar bas, Mike Joyce ya hau ganguna, Rough Trade ya ɗauke su. Shekara biyar kawai suka yi, kundi huɗu suka fitar daga situdiyo, a 1984, 1985, 1986 da 1987, ban da tarin waƙoƙin da suka riƙa saki ɗai-ɗai. Zamanin nan kuwa kiɗan fiyano da na'ura ne ya mamaye rediyon Birtaniya, ana ganin jita ta zama kayan tsofaffi. Marr ne ya dawo mata da mutunci, kuma ta wata hanya da ba a saba ba. Ba ya tsayawa tsakiyar waƙa ya yi dogon kiɗan nuna gwaninta. Tsintar tsirkiya yake yi ɗaya bayan ɗaya, da sauri, sautin yana ƙyalli, sannan a situdiyo ya ɗora wata jitar a kan ta farko, ya ƙara ta uku, har abin ya saƙu kamar tabarma. Ranar da na fara jin "This Charming Man" hankalina Gana ya tafi, wajen makaɗan hailaif, kuma ba ni kaɗai ba ne, masu sharhi da dama sun yi wannan kwatanci. Ƙarƙashin wannan saƙa Rourke yana tafiya da nasa zaren daban, kamar mutum biyu suna hira kowa da labarinsa amma ba a katse juna.

Sai dai rabin The Smiths magana ce, kuma nan ne gizo ke saƙar. Morrissey, mawaƙinsu, gwanin ba'a ne da habaici. Zai kai ka bakin kuka da labarin kaɗaici, kana shirin share hawaye ya jefo wata magana da za ta sa ka tuntsire da dariya, kuma kansa yake fara yi wa ba'ar kafin kowa. Malaman makaranta masu dukan yara, ɗakin haya mai sanyi, zaman kashe wando a zamanin Margaret Thatcher, gidan sarautar Ingila, duk sun sha zambo a bakinsa. Mu da muka taso da kunnen sauraron magana a cikin waƙa, mun san daɗin irin wannan. Amma ka kwatanta ka kunna wa Bature waƙar zambo ta fada: zai ji tambari, zai ji amshi, ba zai san inda aka soki wani ba har fadawa suka kwashe da shewa. Haka Morrissey yake ga wanda Turancin arewacin Ingila bai zauna masa ba. Abin da zai ji kawai wani mutum ne yana jan murya kamar mai ciwon haƙori. Ni kaina sai da na shekara ina jin The Queen Is Dead kafin na gane rabin abin da nake ɗauka kuka ne, wasa ne.

Akwai kuma kayan da ke biye da su, wanda gara ka sani tun yanzu da ka tsince shi daga baya. Marr ya fice a 1987 yana ɗan shekara 23, ƙungiyar ta watse. A 1996 aka kare a kotu, don ashe Rourke da Joyce kashi 10 cikin ɗari kowannensu yake samu na kuɗin faifai da na wasa, sauran na manyan biyu ne. Rourke ya karɓi sulhu tun da wuri, Joyce ya dage, alƙali ya ba shi gaskiya, aka yanke masa kashi 25 da kuɗin baya da suka kai kusan fam miliyan 1. Rourke ya rasu a watan Mayun 2023. Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne inda Morrissey ya dosa da ya manyanta. A 2019 ya fito a talabijin ɗin Amurka maƙale da bajen For Britain, jam'iyyar masu ra'ayin riƙau da aka san ta da ƙyamar Musulunci. Masoyansa da yawa a Birtaniya sun juya masa baya tun daga nan, Marr kuma ya nesanta kansa da irin wannan ra'ayi, kuma a 2024 ya tabbatar cewa an yi tayin su sake haɗuwa ya ce a'a. Ni ina jin faifan 1980 da wani abu, ba na sayen sabon abin da mutumin ya fitar. Wani zai ce ko wannan ma bai yarda ba, kuma ba zan yi musu da shi ba.

The Stone Roses kuwa, akwai yiwuwar ka taɓa jin su ba ka sani ba. In kana zuwa gidan kallon ƙwallo ranar da Manchester United ke wasa a gida, waƙar da aka daɗe ana sakawa a Old Trafford lokacin da 'yan wasa ke fitowa fili, "This Is the One", tasu ce. Su ma 'yan Manchester ne: Ian Brown a waƙa, John Squire a jita, Mani a bas, Reni a ganguna. Kundinsu na farko ya fito a watan Mayun 1989 ƙarƙashin Silvertone, John Leckie ne ya tsara shi, Squire da kansa ya yi zanen bangon, fenti a yayyafe irin salon mai zanen Amurka Jackson Pollock. Bambancinsu da The Smiths daga ƙugu yake farawa. Manchester ta ƙarshen shekarun 1980 gari ne na rawa, matasa suna cika gidan Haçienda suna kwana kan kiɗan na'ura da aka shigo da shi daga Amurka, da ƙwayoyin da suka zo tare da shi. Masu jita da masu rawa ba sa shiga sabgar juna, sai waɗannan huɗun suka haɗa su a tabarma ɗaya. Sirrin yana hannun Reni. Ba dukan ganga yake ba, lallashinta yake, hannunsa sakayau, yana rangaji, ga shi kuma yana yi wa Brown amshi da murya mai daɗi. Mani yana binsa da bas mai kauri. "Fools Gold", wadda suka saki a Nuwamban 1989, ta kusa minti goma, zubi ɗaya ne ake ta juyawa ana ƙara masa gishiri. Duk wanda kunnensa ya saba da jitar Agadas, inda ake kama amo ɗaya a yi ta zagaya shi har jiki ya ɗauka, ba ya buƙatar tafinta a nan.

Muryar Brown ce raunin. A situdiyo Leckie ya san yadda ya lulluɓe ta, tana fitowa a hankali kamar raɗa, kuma ta dace da kiɗan. A dandamali kuwa sau da yawa takan bar hanya ta shiga daji, kuma ko masoyansa ba sa musun haka. Abin da yake da shi shi ne isa: tafiyar ƙasaita, kallon da ke cewa duniya ta jira. Ranar 27 ga Mayun 1990 suka tara mutum kusan dubu 27 a Spike Island, wani fili a Widnes da masana'antun sinadarai suka kewaye. Iska ta kwashe sautin, da yawa ba su ji abin kirki ba, amma har yau ana ba da labarin ranar. Daga nan sai komai ya tsaya cik. Rigima da Silvertone ta kai su kotu, suka samu 'yanci a 1991, kamfanin Geffen na Amurka ya zuba musu kuɗi, su kuma suka shiga situdiyo suka yi zamansu. Sai Disambar 1994 kundi na biyu, Second Coming, ya fito, bayan shekara biyar da rabi. Reni ya tafi a 1995. A shekarar ne Squire ya faɗo daga keke ya karya ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa, suka fasa jagorantar bikin Glastonbury, aka kira Pulp suka maye gurbi, abin da ya zama silar ɗaukakar Pulp da mawaƙinsu Jarvis Cocker. Squire ya fice a 1996, ƙungiyar ta mutu kafin ƙarshen shekarar. Sun dawo a 2012 suka cika Heaton Park dare uku, suka yi wasan ƙarshe a Glasgow a 2017, ba tare da kundi na uku ba.

A nan ne na taɓa cin karo da bango, shi ya sa nake gargaɗi. Lokacin da na je wani kwas Ingila, abokin zamana ya cika ni da zancensu, na shiga wani shagon tsofaffin kaset na tambaya. Mai shagon ya miƙo mini Second Coming, ya ce ai duk ɗaya ne. Na dawo ɗaki na saka a rediyo. Minti ɗaya, biyu, uku, ba waƙa, sai ƙarar ruwa da wasu 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe kamar ana gyaran kwano a nesa. Na cire kaset ɗin, na zura biro na juya zaren, na hure kan rediyon, na mayar. Haka dai. Ashe haka aka yi shi, sai an wuce minti huɗu waƙar farko take kankama, kuma ko da ta kankama jita ce mai nauyi irin ta Led Zeppelin, babu rangajin da aka yi mini alkawari. Na jefa shi ƙasan akwati na ce abokina ba shi da kunne. Sai bayan wata uku na ji kundin farko a ɗakin wani, na gane ƙofar baya aka shigar da ni. Yanzu ina jin Second Coming, akwai abin ji a ciki, amma ba da shi ake yi wa baƙo sallama ba.

Oasis 'ya'yan waɗannan biyun ne, kuma ba su taɓa ɓoyewa ba. Liam Gallagher ya sha faɗa cewa ganin Stone Roses a dandamali ne ya sa shi sha'awar zama mawaƙi, kuma wanda ya ga tsayuwarsa ya ga ta Brown. Yayansa Noel kuma Marr ya ɗauka gwani, har Marr ya ara masa jita lokacin da ba su da komai. Alan McGee na kamfanin Creation ya gan su a wani ƙaramin gidan wasa a Glasgow a watan Mayun 1993 ya ɗauke su, Definitely Maybe ya fito a 1994, na biyu a 1995, kuma a Agustan 1996 suka yi dare biyu a filin Knebworth, kowane dare mutum dubu 125, alhali mutum miliyan 2 da rabi ne suka nemi tikiti. Ga inda zancen omo ya dawo: tun 1992 Sony ya sayi kashi 49 na Creation, don haka indin ya rage a suna ne. Abin da Noel ya iya shi ne amshin da filin ƙwallo guda zai ɗauka baki ɗaya. Maganar ciki sau da yawa ba ta da wata ma'ana, an jera ta ne don ta hau kiɗa, kuma ba wanda ya damu. Wa da ƙanen sun yi faɗan da ya raba su a Faris a Agustan 2009, suka shekara 15 ana jifan juna da magana a jarida da intanet, sannan suka dawo dandamali a Cardiff ranar 4 ga Yulin 2025. Kundi biyun farko ne dukiyar. Daga Be Here Now na 1997 abin ya kumbura, waƙa ta yi tsawo ba dalili.

Blur na Landan su ne kishiyoyinsu. Ranar 14 ga Agustan 1995 ɓangarorin biyu suka saki waƙa rana ɗaya, jaridu suka mayar da abin dambe tsakanin 'yan kudu masu boko da 'yan arewa 'ya'yan talakawa. Blur suka ci makon da kwafi dubu 274, Oasis dubu 216, amma a cinikin kundi Oasis suka yi musu fintinkau. Ni Blur sun fi burge ni, saboda ba sa zama wuri ɗaya, kuma Graham Coxon makaɗin jita ne da ke son sautin da ya ɗan karkace. Su ne kuma ke da alaƙa ta gaske da yankinmu. Mawaƙinsu Damon Albarn ya je Mali a 2000, ya fitar da kundi tare da su Toumani Diabaté da Afel Bocoum a 2002, an ɗauki wani ɓangare na kundin Blur mai suna Think Tank a Maroko, sannan ya ƙulla abota da Tony Allen, makaɗin gangar Fela, suka kafa ƙungiya tare da ta fitar da kundi a 2007. Amma wannan hanya ce da za ta fitar da kai daga jitar indi gaba ɗaya, shi ya sa ban sa su cikin ukun ba.

Arctic Monkeys 'yan wani zamani ne daban, kuma su kaɗai ne cikin ukun da labarinsu bai ƙare ba. Yaran unguwa ɗaya ne daga High Green a gefen Sheffield, suka haɗu a 2002: Alex Turner, Jamie Cook, Matt Helders da Andy Nicholson, wanda Nick O'Malley ya gada a 2006. Sukan ƙona waƙoƙinsu a faifan sidi su raba kyauta a wajen wasa, masoya kuma suka riƙa ɗorawa a intanet, har ya zama suna zuwa garin da ba su taɓa taka ba su tarar jama'a sun haddace baitocin. Sun ƙi manyan kamfanoni suka sa hannu da Domino, kuma suna nan tare har yau, wato a ma'anar kalmar ta asali sun fi Oasis da Blur zama indi. Kundinsu na farko ya fito a Janairun 2006, ya sayar da kwafi sama da dubu 360 a mako guda, abin da wani kundin farko bai taɓa yi ba a Birtaniya kafin nan, ya kuma ci kyautar Mercury ta gwarzon kundin shekara. Turner, mawaƙinsu, yana da shekara 20. Abin da ya rubuta daren Juma'a ne a garinsu: layin jiran tasi, masu gadin ƙofar gidan rawa, saurayi da budurwa suna cacar baki. Da karin harshen Sheffield yake rerawa, kalmomi suna rige-rigen fita, Helders yana korar su da ganga kamar mai kora shanu. Yana da idon Morrissey wajen lura da mutane, amma ba shi da kukan.

Wannan kundin na farko yana da matsalar The Smiths, har ma ya fi, don saurin ya ninka. Sa'ar da aka yi ita ce sun canja. A 2009 suka tafi hamadar Kalifoniya wajen makaɗin Amurka Josh Homme suka dawo da sauti mai duhu da nauyi. A 2013 suka fitar da AM, inda suka rage gudu, suka ɗauko takun ganga daga kiɗan hip-hop da suka taso suna ji, Turner ya riƙa ajiye kalma ɗaya-ɗaya yadda kowa zai tsinta. Shi ne kundin da ya buɗe musu Amurka, shi ne kuma yaran da ba a haifa ba lokacin Knebworth suke ta yaɗawa a TikTok. Daga 2018 Turner ya koma kan fiyano, The Car na 2022 ya zo da goge da kiɗa mai sanyi, masoya suka rabu biyu. Ni ina ɓangaren masu gunaguni, amma na fi girmama wanda ya gwada sabon abu ya ɓata mini rai a kan wanda ya shekara 20 yana dafa miya ɗaya.

Da akwai wuri da na tsaya kan The Libertines, waɗanda suka share wa su Turner hanya a 2002 kafin ƙwaya da rigima su cinye su, har Pete Doherty ya yi zaman gidan yari a 2003 saboda fasa gidan abokin waƙarsa Carl Barât. Da kuma Bloc Party, da Kele Okereke ke jagoranta, wanda aka haifa a Liverpool, iyayensa 'yan kabilar Ibo daga Nijeriya. Silent Alarm na 2005 ya cancanci yammaci guda.

In tasiri ake aunawa, The Smiths ne a gaba, kuma da rata. Marr ya canja yadda ake riƙe jita a ƙasar: Bernard Butler na Suede, su Radiohead, Coxon, Noel, duk sun sha daga rijiyarsa. Morrissey kuma ya nuna cewa ana iya yin waƙa kan rayuwar da ba ta da wani armashi, da karin harshen garinku, ba sai ka kwaikwayi Ba'amurke ba. Ba don haka ba da wuya a samu Cocker ko Turner yadda aka san su. Tasirin Stone Roses ya fi zama na hali da shiga: ƙasaitar, faffaɗan wando, hular nan mai kama da bokiti da har ake kiranta da sunan Reni. Masu kwaikwayonsu sun ɗauki tafiyar Brown sun bar hannun Reni, don wancan ba ya kwaikwayuwa. Arctic Monkeys kuwa sun haifar da ambaliyar ƙungiyoyi masu kama da juna bayan 2006, har 'yan jaridar ƙasar suka laƙaba wa tarin suna mai nufin indin bola. Ba laifinsu ba ne, amma gadon kenan. Gadonsu mai kyau shi ne hanyar da suka bi suka fito, wadda yanzu ta zama ta kowa.

To amma tasiri daban, ƙofar shiga daban. In kai mai bin magana ne, Turancinka ya nuna, kuma ba ka ƙi ka buɗe baitocin a waya kana bi ba, tafi kai tsaye wajen The Queen Is Dead, bai kai minti 40 ba, sannan ka bi da Hatful of Hollow na 1984. In jikinka ne ke fara jin kiɗa kafin kanka, kundin Stone Roses na 1989 ne naka, wajen minti 50, kuma ka gama da su kenan, shi ya sa su ne mafi arha ga mai lissafin data. In kana son abin da za ka kunna wa abokai a mota ba sai ka yi dogon bayani ba, AM. Ga mai koyon jita kuwa lissafin ya juye gaba ɗaya. Marr zai karya maka gwiwa: abin da kake ji kamar jita ɗaya sau da yawa uku ne ko huɗu, wani lokaci ma ya sauya ɗaurin tsirkiyar, sai ka kwana kana neman abin da hannu biyu ba za su iya ba. Squire ma ba kanwar lasa ba ne. Oasis ne masu sauƙi, riƙon yatsu huɗu ko biyar ka tashi da waƙa guda. AM kuma cike yake da gajerun zubi na tsirkiya ɗaya, a hankali, waɗanda sabon hannu zai kama cikin mako. Abu na ƙarshe, tunda a gida ake kunnawa: kundin Arctic Monkeys na farko da na Oasis giya da sharholiya sun cika su, AM zancen soyayyar dare ne ba a rufe sosai ba, Stone Roses kuma suna wasa da kalmomin addinin Kirista ta hanyar da ba kowa zai so ba. Abin sawa a kunne ya fi lasifikar falo.

Abin da na rubuta wa ɗan yayata gajere ne. Na ce ya ɗauki AM don hannunsa, ya ɗauki kundin Stone Roses na farko don kunnensa, ya tabbata mai zanen fenti da yankakken lemon tsami ne a bango, ya bar The Smiths sai bayan shekara. Kwana goma ya turo mini murya: zubin farko na AM, yana tuntuɓe a wuri ɗaya kullum, ga ƙarar injin markaɗen maƙwabta a baya, amma ana gane waƙar. Ƙarƙashinta ya rubuta: "Kawu, na saɓa maka, na leƙa na Marr ɗin. Tsirkiyar ƙasa ta tsinke. Nawa ake sayar da ita?"